TSMC: kamfanin da ke ƙera wa kowa ƙwaƙwalwar waya amma ba ya sayar da tasa (tambayoyi da amsoshi)

Tambayoyin nan sun fito ne daga ɗaliban kasuwanci da na injiniya a Birnin Kebbi da Aliero, da masu gyaran waya na Jega da Argungu, da wasu 'yan kasuwa da suka ji ana ta ambaton TSMC a labarai suna son sanin abin da ke ƙasa. Masu kama da juna an haɗa su wuri ɗaya. Alƙaluman kuɗi na shekarar 2024 ne, sai inda aka ambaci wata shekarar.

Malam, wai mene ne TSMC? Kullum cikin buɗe waya nake amma ban taɓa ganin sunan ba.

Ba za ka gani ba, ɗan'uwa, kuma da gangan ne. Ɗauki wata Tecno ko Infinix cikin waɗanda ake kawo maka, ka cire bayanta, ka kunna injin hura zafi ka ɗaga murfin ƙarfen da ke kan allon. Ɗan baƙin abin nan mai kusurwa huɗu da bai fi farcen babban yatsa ba shi ne cip, wato ƙwaƙwalwar wayar, kuma sau da yawa za ka ga an rubuta MediaTek a kansa, sai wasu lambobi a ƙasa. MediaTek kamfanin Taiwan ne, shi ya zana abin da ke ciki, amma ba shi da masana'antar da zai ƙera shi. In samfurinsa Helio G85 ne, alal misali, TSMC ne ya ƙera silikon ɗin da baƙar robar ta lulluɓe. Haka yake ga cip ɗin iPhone, da na kamfanonin Amurka irin Nvidia da ake ta rububi a kai, da AMD.

Cikakken sunansa Taiwan Semiconductor Manufacturing Company, hedikwatarsa na birnin Hsinchu. Ya yi cinikin kusan dala biliyan 90 a 2024, kuma fiye da kashi 60 cikin ɗari na kasuwar ƙera wa wasu cip a duniya na hannunsa. Kamfanoni sama da 500 ke kawo masa aiki, yana ƙera musu kaya iri daban-daban kusan dubu 12 a shekara. Ko ɗaya ba ya fita da tambarinsa.

To in ba ya sayar da kayansa, me yake sayarwa?

Aiki yake sayarwa, da alkawari. Mutumin Kebbi ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don ya san masu injin shinkafa iri biyu ne. Akwai babban kamfani irin Labana a Birnin Kebbi ko WACOT a Argungu, wanda ke sayen shanshera, ya gyara, ya zuba a buhu mai tambarinsa ya kai kasuwa. Akwai kuma mai injin casa na bakin kasuwa. Shi ba ya sayar da shinkafa. Mace ta turara tata, ta shanya, ta ɗoro wa yaro a baro ya kawo, a cashe mata, ta tsaya tana duba ko ta kakkarye, ta biya kuɗin buhu ta kwashe abinta. Abin da ya sa mata masu sayar da shinkafa ke kai masa hankali kwance shi ne sun san gobe ba za su tarar da shi a layinsu ya baje tasa yana karya musu farashi ba. Ran da ya fara haka, rabinsu za su nemi wani injin.

Kamfanin cip na Amurka, Intel, irin na farko ne: ya zana, ya ƙera, ya sayar da sunansa. Kafin 1987 kusan duk manyan kamfanonin cip haka suke. Wanda ke da zane amma ba shi da masana'anta sai ya je roƙon manya su ƙera masa, su kuwa sai injunansu sun rasa aikin gida suke karɓa, ga shi sun ga sirrin zanensa. TSMC ya zo ya ce shi ƙira kawai zai yi, ba zai taɓa zana nasa cip ɗin ya shiga kasuwa da masu kawo masa aiki ba. A ganina duk sauran dabarunsa daga wannan abu ɗaya da ya haramta wa kansa suka tsiro.

Wa ya kafa shi, kuma da kuɗin wa?

Morris Chang. An haife shi a Ningbo ta ƙasar Sin a 1931, ya yi karatu a Amurka, ya yi shekara 25 a kamfanin Texas Instruments har ya shugabanci sashen cip gaba ɗaya. A 1985 gwamnatin Taiwan ta kira shi ya riƙe cibiyar binciken masana'antu ta ƙasar, a 1987 ya kafa TSMC yana da shekara 55, lokacin da wasu ke lissafin fansho.

Gwamnati ta zuba kusan kashi 48 cikin ɗari na jarin farko. Kamfanin Philips na Holan ya ɗauki sama da kashi ɗaya cikin huɗu, ya kuma kawo fasaha. Sauran aka karɓo daga attajiran cikin gida. An nemi Intel da Texas Instruments su shigo, suka ƙi.

Lissafin Chang mai sauƙi ne. Ya duba Taiwan ya ga ba ta da gwanayen zane, ba ta da sanin kasuwar duniya, amma tana da ma'aikata masu kiyaye ƙa'idar aikin masana'anta. Ya kuma san akwai injiniyoyi da yawa a Amurka masu son kafa nasu kamfanin, kuɗin gina masana'anta ne kawai ya tsare su. Shekarun farko ragowar aikin manya ya riƙa tsinta, fasaharsa ma tana baya. Sai da kamfanoni marasa masana'anta irin Broadcom, wanda aka kafa a 1991, da Nvidia a 1993 suka taso, sannan kasuwar da ya hango ta bayyana. Ya yi ritaya a 2018, C.C. Wei ke jan ragamar yanzu.

An ce da yashi ake yin sa. Me ya kawo tsada, ga yashi nan bakin gulbi kyauta?

Da silikon ake yi, shi kuwa daga farin dutse dangin yashi ake fitar da shi. Sai dai ana tace shi har a kai inda cikin ƙwayoyin zarra biliyan 100 da ƙyar a sami baƙuwa ɗaya. Wannan ma ba aikin TSMC ba ne. Kamfanonin Japan irin Shin-Etsu da SUMCO ne kan gaba wajen yanko shi faya-fayai masu faɗin milimita 300, TSMC saye yake yi. Tsadar na cikin abin da ake yi wa faifan bayan ya shiga.

Hasken wasu ɗakunan rawaya ne, saboda farin haske na ɓata maganin da ake shafa wa faifan. Ma'aikaci a rufe yake ruf cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, idanu kaɗai ke waje, kuma ba shi ake karewa ba, faifan ake karewa daga gashinsa da numfashinsa. Hannu ba ya taɓa kaya. Akwatuna masu ɗaukar faifai 25 ne ke gudu a kan layin da ke manne a rufi, su sauko kan wannan inji, su tashi su nufi na gaba. A shafa magani, a haska zane a kai, a zaizaye inda ba a so, a wanke, a shimfiɗa wani sabon shafi, a goge ya yi sumul, a sake daga farko. Matakai ɗaruruwa, kuma faifai ɗaya kan yi wata uku ko fiye yana zagaye kafin ya fito. Ƙwayar ƙura ɗaya in ta sauka ta kashe cip ɗin da ke wurin. Mai karatu da ya san yadda hazon hunturu ke shiga har cikin akwatin kaya zai gane girman aikin hana ta shiga.

Abin da ake ginawa a kai 'yan makunnai ne da ake kira tiransista. Cip ɗin A17 Pro na iPhone 15 Pro yana da su biliyan 19.

Ta ina ribar ke shigowa?

Nan ne zancen yake, don haka a yi haƙuri da tsawon amsar.

A 2024, cikin kowace dala 100 da ta shigo, kusan dala 56 ta rage bayan an cire kuɗin ƙira, kusan dala 40 kuma ta tsaya a matsayin riba bayan an biya komai har da haraji. Masana'anta ba ta saba ganin irin wannan ba. Amma a shekarar nan ɗaya ya kashe kusan dala biliyan 30 wajen gine-gine da sayen injuna. Sabuwar masana'anta ɗaya ta zamani na cin wajen dala biliyan 20.

Abu na farko ke nan: mafi yawan kuɗin an riga an kashe su tun kafin faifan farko ya shiga. A littafin kamfanin, cikin shekara biyar ake rubuce darajar inji ta ƙare, ko ya yi aiki ko bai yi ba. Saboda haka injin da ke zaune asara yake ci kowace sa'a, shi ya sa ba dare ba rana, ba ranar hutu. Yawan masu kawo aiki a nan yake amfani. In kasuwar waya ta yi sanyi, ta manyan kwamfutoci ko ta motoci na iya cike gurbin. Kamfanin da kansa kaɗai yake ƙera wa, in kayansa suka ƙi tafiya, injunansa ma sun tsaya.

Na biyu, lafiyayyu nawa faifai ke bayarwa. Galibi faifai ake sa wa farashi, ba ɗaiɗaikun cip ba. Kamfanin ba ya shelar farashinsa, amma masu bibiyar kasuwa na ƙiyasta faifan sabuwar fasahar da ake kira nanomita 3 a kusan dala dubu 20. A ɗauka faifai na ɗauke da cip 600. In 540 suka fito lafiya, kowanne ya tashi kusan dala 37. Wata masana'antar ta yi maka rangwame zuwa dala dubu 15, amma 300 kawai suka fito lafiya, kowanne ya tashi dala 50. Mai arahar ya fi tsada ke nan. Kuma ba a koyon rage ɓarna a aji. Sai faya-fayai sun yi ta wucewa ana gano inda matsala take. Wanda ya fi samun aiki shi ya fi saurin koyo, wanda ya fi koyo shi ake ƙara kai wa aiki, ribar kuma ta sayi injunan zagaye na gaba. Mai son shiga tsakani sai ya yarda ya yi shekaru yana asara.

Na uku mutane ba su cika lura da shi ba: tsofaffin masana'antu. Fasahar nanomita 28 ta fito tun 2011, an daɗe da mayar da kuɗin injunanta, amma har yau tana ƙera cip na motoci da talabijin da kayan sadarwa.

Akwai kuma ƙarfin hali. A 2009, duniya na cikin karayar tattalin arziki kowa na tsuke aljihu, Chang ya dawo kan kujerar gudanarwa yana dab da shekara 78, ya ƙara jarin gini maimakon ragewa. Da kasuwar manyan wayoyi ta buɗe, shi ke da wurin ƙira a shirye.

Nanomita 7, 5, 3 da ake faɗa, awon me ne?

A da awon wani sashe ne na tiransista. Yanzu sunan zamani ne kawai: ƙaramar lamba na nufin an ƙara cusa tiransista a wuri ɗaya, ga sauri, ga rage cin batir. TSMC ya fara ƙera 7 da yawa a 2018, 5 a 2020, 3 a ƙarshen 2022. Kashi 69 cikin ɗari na cinikin faya-fayansa a 2024 daga 7 zuwa ƙasa ya fito. Kada a gwama lambar wani kamfani da ta wani kai tsaye, kowa da yadda yake raɗa wa nasa suna.

Apple na da kuɗi. Me ya hana shi gina tasa masana'antar?

Kuɗin gini ba su ne matsala ba. Apple sabuwar fasaha kawai yake so, kowace shekara. In ya gina tasa, bayan shekara biyu ta tsufa a wurinsa, wa zai cika masa ita? A hannun TSMC, layin da Apple ya bari Qualcomm da MediaTek da AMD ke hawa, bayansu wasu su biyo. Kuɗin inji ɗaya sai ya rabu kan mutane da yawa.

Tun 2014, da cip ɗin A8 na iPhone 6, Apple ke kai aiki can, kuma a 2023 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cinikin TSMC daga gare shi ya fito. Kowa na riƙe da wuyan kowa ke nan: Apple na samun sabon layi kafin kowa, TSMC kuma na gina layin yana da tabbacin wanda zai cika shi tun ranar farko.

Intel da Samsung fa, barci suke?

Ba barci ba ne, tsarinsu ne ya ɗaure su. Samsung na Koriya ta Kudu shi ne na biyu a wannan kasuwa, kuma shi ke ƙera wa iPhone ƙwaƙwalwa a farko. Amma yana sayar da wayar Galaxy. A 2011 Apple ya maka shi kotu kan kwaikwayon waya, alhali a wani ɓangaren na kamfanin ana ƙera wa Apple cip. Ba a daɗe ba aikin ya koma Taiwan.

Intel shi ne sarki shekara da shekaru. Ya makale wajen fito da fasaharsa ta nanomita 10, jinkirin ya kai shekaru, TSMC ya wuce shi. A 2021 ya ce shi ma zai fara ƙera wa wasu, sai dai Nvidia ko AMD za su yi tunani kafin su miƙa zanensu ga wanda suke takara da shi a kasuwa. A 2024 Intel ya yi asarar kusan dala biliyan 19, a 2025 gwamnatin Amurka ta karɓi kusan kashi 10 cikin ɗari na hannun jarinsa. Abin mamaki, wasu daga cikin sababbin cip ɗin Intel ɗin ma TSMC ke ƙera su.

AMD ya gane da wuri. A 2009 ya rabu da masana'antunsa, suka zama GlobalFoundries, ya koma zane kawai. GlobalFoundries kuwa a 2018 ya ce ya haƙura da tseren nanomita 7, kuɗin sun fi ƙarfinsa. Kamfanonin da ke iya bin sahun gaba sun ragu ke nan zuwa uku.

An ce wani inji ne na Holan ke yin aikin. In na sayi injin na zama TSMC?

Injin gaskiya ne. Kamfanin ASML da ke Veldhoven shi kaɗai ke yin sa a duniya. Yana harbin ɗigon kuza da leza sau dubu 50 a daƙiƙa ɗaya don ya samar da wani haske mai tsananin siranta, madubai na kamfanin Zeiss na Jamus su tattara shi su kai kan faifai. Guda ɗaya na kai dala miliyan 150 zuwa 200, sabon samfurin ya haura miliyan 350. Ba a sayar wa ƙasar Sin, saboda matsin Amurka.

Amma Samsung na da shi, Intel na da shi. A 2012 su ukun duka suka zuba jari a ASML don a kammala shi. Inji ɗaya ne cikin ɗaruruwa, bambancin na wurin injiniyoyin da suka san yadda ake jera matakan su ba da kaya mai kyau kowace rana.

Ƙirƙirarriyar basira da ake ta zance, ta shafe shi?

Ita ta ɗaga cinikinsa daga kusan dala biliyan 69 a 2023 zuwa 90 a 2024. Cip ɗin H100 na Nvidia da ake aikin ƙirƙirarriyar basira da shi, mai tiransista biliyan 80, a can ake ƙera shi. A 2024 cip na manyan kwamfutoci ya kai kusan rabin cinikin, ya bar na waya a baya. Har ma wurin da aka fi samun cunkoso ba ƙirar ba ce, haɗawa ce: wata dabara da suke kira CoWoS, wadda ake jera cip da ma'ajiyar bayanai kafaɗa da kafaɗa a kan tushe ɗaya. Ko Nvidia ya ci gaba da mulki, ko Google da Amazon su zana nasu su rage dogaro da shi, akasarin aikin wuri ɗaya yake komawa.

Malam, ba haɗari ba ne duniya ta dogara da tsibiri ɗaya?

Haɗari ne babba, kuma shi ne raunin da kamfanin ba zai iya gyarawa da kuɗi ba. Sin na ɗaukar Taiwan a matsayin yankinta, tazarar ruwan da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita 200 ba. Ga girgizar ƙasa: an yi babba a 1999, an sake a Afrilun 2024, ko da yake a ta biyun kamfanin ya ce cikin sa'o'i goma sama da kashi 70 cikin ɗari na injunansa sun koma aiki. A farin 2021 sai da aka riƙa kawo masa ruwa a tanka.

Siyasa ta riga ta taɓa shi. A da kamfanin Huawei na ƙasar Sin na cikin manyan masu kawo masa aiki, amma a Satumban 2020 dole ya daina ƙera masa, saboda injunansa na ɗauke da fasahar Amurka kuma Amurka ta hana. Mai cewa yana yi wa kowa aiki sai ga shi an zaɓa masa wanda zai kora.

Shi ya sa ya fara fita waje. A 2020 ya sanar da masana'anta a Arizona kan dala biliyan 12, alkawarin ya yi ta hawa har ya kai biliyan 165 a Maris ɗin 2025, gwamnatin Amurka kuma ta ba shi tallafin biliyan 6.6 ƙarƙashin dokar da ta yi a 2022. Ya buɗe wata a Kumamoto ta Japan a Fabrairun 2024 tare da Sony da Denso da Toyota, ya aza harsashin wata a Dresden ta Jamus a Agustan shekarar tare da Bosch da Infineon da NXP. Ni ban ɗauki wannan a matsayin neman riba ba. Kamfanin da bakinsa ya gaya wa masu hannun jari cewa masana'antun waje za su rage masa riba da maki biyu zuwa uku cikin ɗari. Kuɗin zaman lafiya ne da manyan gwamnatoci da manyan abokan ciniki. Sabuwar fasaha dai a Taiwan take fara fitowa.

Duk wannan ya shafi farashin waya a kasuwar Birnin Kebbi?

Ya shafa, amma ba kamar yadda ake zato ba. Lokacin korona, masu ƙera motoci sun soke odarsu, masu kwamfuta da waya suka cike gurbin, da masu motar suka dawo ba wuri. Ƙarancin ya kai 2022, kaya suka yi tsada ko'ina. Amma tsallen da farashin waya ya yi a wurinmu daga 2023, naira ce ta jawo mafi yawansa: daga wajen 460 kan dala ɗaya kafin Yunin shekarar zuwa sama da 1,500 a 2024. Sai kuɗin kwastam da na mota daga Legas ko Kano. Sannan ba duk abin da ke kan allon waya ne na TSMC ba. Ma'ajiyar bayanai Samsung da SK Hynix da Micron ke riƙe da kasuwarta, tana da nata hawa da sauka.

Muna da zinariya a Anka da Maru da Yawuri, ga kuza a Jos. Me zai hana a kafa irin wannan masana'anta a Kebbi ko Zamfara?

Hajiya, tambayar ta dace, amma ma'adinai ba su ne ƙashin bayan sana'ar ba. Taiwan ba ta da wani abin kirki a ƙarƙashin ƙasa. Zinariyar da ke shiga cip ɗan zare ne da ido ba ya gani sosai.

A duba wuta. A 2023 TSMC ya sha lantarki kusan kilowat-awa biliyan 25, wato kamar megawat 2,800 dare da rana ba yankewa. Madatsar Kainji in duk injunanta na aiki megawat 760 take bayarwa, abin da layin ƙasa ke rabawa Najeriya gaba ɗaya kuwa galibi tsakanin 4,000 ne da 5,000. Kuma ba yawa kaɗai ba, wutar da ba ta ko ƙiftawa ake so, don ɗan tangarɗa na iya lalata faya-fayan da suka yi wata biyu a hanya. Ruwan da yake amfani da shi ya haura tan dubu 150 a rana, tatacce fiye da na asibiti. A duba kuɗi: kasafin jihar Kebbi na 2025 bai kai naira biliyan 600 ba, wato bai cika dala miliyan 400 ba, kusan kuɗin sabon injin ASML guda ɗaya. Duk ɗan siyasar da ya yi alkawarin wannan a kan dandamali, a tambaye shi megawat nawa ya tanada.

Akwai ƙofofin da suka fi kusa. Yanka faifai da lulluɓe cip da gwada shi aiki ne daban mai ƙarancin jari. Da shi Malesiya ta fara a Penang tun 1972, a Afirka ma kamfanin STMicroelectronics na da irin wannan masana'anta a Bouskoura ta Maroko. Zane kuma, wanda MediaTek da Nvidia ke ci da shi, kwamfuta yake buƙata da manhaja da kai mai lissafi. Ɗalibin Aliero ko Gusau ko Kaura Namoda da ya ƙware a lissafi da kimiyyar lantarki zai iya koyon sa yana zaune a garinsu, musamman da yake akwai tsarin zanen cip na RISC-V da kowa ke iya amfani da shi ba tare da biyan lasisi ba.

Zan iya sayen hannun jarinsa daga nan?

Ana sayar da shi a kasuwar hannun jari ta Taiwan tun 1994, da ta New York tun 1997 da alamar TSM, inda takarda ɗaya ke daidai da hannun jari biyar na gida. Akwai dillalai masu rajista da hukumar kula da hannun jari ta Najeriya da ke ba da damar sayen na Amurka ta waya. A tabbatar da rajistar kafin a tura ko sisi. Mai son sanin hukuncinsa a shari'a ya kai wa malamin da ya san harkar kuɗi, tare da bayanin bashin kamfanin da kuɗin ruwan da ke shigo masa.

Kyawun kamfani ba ya hana farashi faɗuwa. Kamfanin attajirin Amurka Warren Buffett ya sayi na kusan dala biliyan 4 a 2022, cikin 'yan watanni ya sayar, ya kuma ce ba aikin kamfanin ne ya dame shi ba, inda yake zaune ne. In kuwa wani ya zo maka, Alhaji, da cewa ka kawo kuɗi ya sa maka a TSMC ya riƙa ba ka kashi 20 cikin ɗari duk wata, ɗan damfara ne. Kamfanin kansa sau huɗu yake raba riba a shekara, kuma jimlar abin da ya raba a 2024 ba ta kai kashi 2 cikin ɗari na farashin hannun jarin a ƙarshen shekarar ba.